Reshe Ya Juye da Mujiya: Tambayoyi da Amsoshi Kan Finafinan Rikiɗar Jiki

Duk wanda ya taɓa furta cewa yana son fim ɗin da ake nuna farcen mutum yana zubewa ɗaya bayan ɗaya ya san irin kallon da ake binsa da shi. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda ake yawan jefa wa masu kallon irin waɗannan finafinai, har da waɗanda su kansu suke yi wa junansu. A wasu amsoshin an faɗi yadda labari ya ƙare, sai a kula.

1. Wane irin fim ake nufi da fim ɗin rikiɗar jiki?

Reshe ne na finafinan ban tsoro wanda abin tsoron cikinsa jikin ɗan'adam ne da kansa: fata ta saɓule, ƙashi ya lanƙwashe, wata gaɓa ta tsiro inda ba muhallinta ba, ko wata halitta ta soma girma a cikin naman mutum. Wanda muke magana a kai a nan shi ne wanda musabbabin rikiɗar gwajin kimiyya ne. Wani ya haɗa sinadari, ko ya ƙera na'ura, ko ya yi wata tiyata da ba a taɓa yi ba, yana neman waraka ko ƙuruciya ko suna, sai reshe ya juye da mujiya.

2. Me ya raba shi da fim ɗin fatalwa ko na mai bin mutane da wuƙa?

A fim ɗin fatalwa akwai gidan da za a iya tashi daga cikinsa. A fim ɗin makashi akwai ƙofar da za a kulle da motar da za a tayar a gudu. Mai kallo yana zaune yana yi wa jarumi ihu: gudu, kada ka sauka ƙasa, kira jama'a! A fim ɗin rikiɗar jiki wannan ihun ba shi da amfani. Duk inda mutumin ya nufa, da abin yake tafe, domin a cikin jininsa yake.

Na biyu shi ne lokaci. Makashi yakan gama aikinsa cikin daƙiƙoƙi, ita kuwa rikiɗa a hankali take cin mutum, yau tabo, gobe haƙori, jibi murya ta sauya. Kuma mai ita yana cikin hankalinsa, yana duban madubi kowace safiya. Wannan jinkirin ne ke ba tausayi damar shigowa, abin da ba kasafai ake samu a sauran finafinan ban tsoro ba (duba tambaya ta 7).

3. Me ya sa sai gwajin kimiyya? Ai tsafi ko la'ana ma suna iya rikiɗa mutum a labari.

Suna iyawa, kuma tatsuniyoyin duniya cike suke da mutanen da suka koma kura ko kerkeci. Amma mai kallon yau yana iya kallon la'ana ya ce almara ce, ya kwanta ya yi barcinsa. Allura fa? Ɗakin tiyata fa, da takardar da ake miƙo maka ka sa hannu kafin a yi maka aiki? Waɗannan kusan kowa ya san su. Kowa ya taɓa miƙa jikinsa ga wani mai farar riga, ya haɗiye ƙwayar da bai san abin da ke cikinta ba, bisa yarda kawai. Wannan yardar ce fim ɗin yake taɓawa.

Sannan gwaji yana zuwa da laifi. La'ana faɗo wa mutum take yi, gwaji kuwa wani ne ya zauna ya tsara shi, ya danna maɓalli da hannunsa. Sau da yawa ma a kansa ya gwada. Don haka labarin yana da wanda za a tuhuma, kuma wanda ake tuhumar shi ne wanda ake tausaya wa.

4. Daga ina abin ya faro?

Tun kafin a ƙirƙiro silima. A shekarun 1780 wani masani ɗan Italiya, Luigi Galvani, ya lura cewa ƙafar mataccen kwaɗo tana harbawa idan lantarki ya ratsa ta. A 1803 ɗan 'yar'uwarsa Giovanni Aldini ya kai abin Landan, ya jona lantarki a gawar wani mutum da aka rataye, muƙamuƙinta ya motsa, ido ɗaya ya buɗe, a gaban jama'a. A cikin wannan yanayi Mary Shelley ta fara rubuta littafin Frankenstein, labarin masanin da ya haɗa wata halitta ya ba ta rai, tana da shekara 18, aka buga shi a 1818. Wani abu da mutane da dama ke mantawa: Frankenstein sunan masanin ne, abin da ya haɗa ba shi da suna ko ɗaya. Kuma a littafin babban laifinsa shi ne da ya ga munin abin da ya tayar, sai ya ranta a na kare ya bar shi.

Littattafai biyu suka biyo baya suka cike murhun: labarin Jekyll da Hyde na Robert Louis Stevenson a 1886, likitan da ya sha haɗin da ya yi da kansa, da labarin tsibirin Dakta Moreau na H. G. Wells a 1896, wanda ke feɗe dabbobi da ransu yana son mayar da su mutane. Ɗaya ya haɗa jiki daga gawa, ɗaya ya sauya nasa jikin, ɗaya ya sauya na wasu. Kusan duk fim ɗin da aka yi daga baya jikan ɗaya daga cikin ukun nan ne. Masana'antar fim ta Amurka ta ɗauke su duka a 1931 da 1932, kuma na tsibirin Moreau ya tayar da hankali har hukumar tace finafinai ta Birtaniya ta hana nuna shi, sai a 1958 aka sake shi.

5. To wai mene ne abin daɗi a kallon abin ƙyanƙyami?

Tambayar ta girmi fim da shekaru fiye da dubu biyu. Aristotul, masanin falsafa na tsohuwar Girka, ya lura cewa abubuwan da mutum ba ya son gani a zahiri, kamar gawa, yakan tsaya ya ƙura wa zanensu ido yana jin daɗi. Paul Rozin, masanin halayyar ɗan'adam a Amurka wanda ya daɗe yana binciken ƙyanƙyami, ya kwatanta abin da cin barkono: harshe yana ihun wuta, ƙwaƙwalwa kuwa ta san babu abin da ke ƙonewa, kuma a tsakanin ihun da sanin ne daɗin yake. Haka fim. Cikinka ya juya, tsigar jikinka ta tashi, amma ka san kana kan kujera, ka kuma san da ka ga dama sai ka kashe.

Akwai iyaka, amma. Masu bincike daga Jami'ar Aarhus ta ƙasar Denmark sun ɗaura wa mutum 110 na'urar auna bugun zuciya a wani gidan wasa da aka shirya don tsoratar da baƙi, suka wallafa sakamakon a 2020. Abin da suka gano shi ne jin daɗi yana ƙaruwa da ƙaruwar tsoro zuwa wani mataki, daga nan sai ya faɗo. Tsoro kaɗan gundura ne, mai yawa kuma azaba. Kowa da inda nasa ma'aunin yake, shi ya sa mutum biyu za su kalli fim ɗaya, wannan ya fito yana murmushi, wancan ya rantse ba zai ƙara ba.

Sai kuma son sani, wanda a ganina ba a cika ba shi haƙƙinsa ba. Wanda aka cire wa bandeji yakan leƙa ciwon ko da an ce kada ya duba. Muna yawo da jiki shekara da shekaru ba mu taɓa ganin cikinsa ba.

6. Tsoro ake ji ko ƙyanƙyami? Ko duk ɗaya ne?

Ba ɗaya ba ne, jiki ma ya san bambancin. Tsoro yana sa zuciya ta buga da sauri, ƙafa ta nemi hanya. Ƙyanƙyami kuwa hanci yake yamutsawa, ya tayar da zuciya, ya sa a kau da kai. Asalinsa garkuwa ce daga ruɓaɓɓen abinci da cuta. Shi ya sa darakta zai nuna an harbe mutum goma ba ka motsa ba, amma ya nuna mugunya tana tsiyaya daga ƙarƙashin farce ɗaya, sai ka rufe ido.

Masu nazari sun ƙara wani bayani. Mary Douglas a 1966, da Noël Carroll a 1990, sun nuna cewa abin da ya fi tayar mana da hankali shi ne abin da ya ƙi tsayawa a gidansa: wanda ba rayayye ba kuma ba matacce ba, ba mutum ba kuma ba dabba ba, ko abin ciki da ya fito waje. Gashi a kai ado ne, a cikin abinci kuwa ƙazanta. Yawu a baki ba komai, da an tofar ya zama abin ƙyama. Gwajin da ya ɓaci a fim injin haɗa irin waɗannan gauraye-gaurayen ne.

7. Me ya sa kowa sai ya ambaci The Fly na 1986?

Domin a nan aka haɗa ƙyanƙyami da tausayi har ba a iya raba su. David Cronenberg, darakta ɗan Kanada, shi ya yi shi, Jeff Goldblum da Geena Davis suka fito. Wani masani ya ƙera na'urar da ke tarwatsa abu a nan ta sake haɗa shi a can. Wata rana cikin maye da kishi ya shiga da kansa, bai san ƙuda ya bi shi ba. Kwamfutar ta rasa yadda za ta yi da halittu biyu, sai ta haɗe ƙwayoyin gadonsu. A tsohon fim ɗin 1958 musayar kai da hannu kawai aka yi tsakanin mutum da ƙuda, nan take. Cronenberg ya mayar da abin ciwo mai ci a hankali.

Da farko ma mutumin murna yake yi. Ƙarfi ya zo masa, barci ya ragu, yana ganin na'urar ta tace shi ne. Sai farce ya fara fita, haƙora suka bi, kunne ya faɗo. Yana tattara guntayen jikinsa yana ajiyewa a akwatin magani na banɗaki, yana yi wa kansa ba'a. Matar da ke sonsa kuma tana zuwa dubiya, ta rasa ko ta rungume shi ko ta gudu. A ƙarshe abin da ya rage daga gare shi ya kama bakin bindigar da ke hannunta ya ɗora a kansa.

Fim ɗin ya fito lokacin da cutar ƙanjamau ke kashe matasa, mutane da yawa suka ce da ita yake. Cronenberg ya ce shi tsufa da ciwo gaba ɗaya yake nufi. Ina ganin gaskiyarsa. Duk wanda ya yi jinyar wani nasa ya ga jikin da ya sani yana komawa wani abu daban, mai shi kuma yana nan a ciki yana dubansa.

8. Masanin da ke cikin irin waɗannan finafinai mugu ne?

A finafinai marasa ƙarfi, e: gashi a tsaye, dariyar ƙeta, kwalabe na tafasa. A masu kyau kuwa da wuya. Yawanci mutum ne mai gaggawa, ko mai baƙin ciki, ko wanda ya yarda da kansa fiye da kima. A fim ɗin Faransa na 1960, Les Yeux sans visage na Georges Franju, likita ne da ya yi hatsarin mota ya lalata fuskar 'yarsa, sai ya koma satar 'yan mata yana ɗebe fatar fuskarsu yana dasa mata. So ne ya kai shi, da nadama, da girman kai. A Splice na 2009 masoya biyu ne masu bincike da suka haɗa halitta a ɓoye, suka wayi gari sun zama iyayen da ba su shirya ba.

Idan ka lura, ilimin da kansa ba shi ne ke jawo masifar ba. Tsallake mataki ne. An gwada kafin lokaci, an ɓoye wa abokan aiki, an ƙi jin wanda ya ce a dakata, ko mai zuba kuɗi ya matsa lamba. Wannan ya shafi tambaya ta 15.

9. An taɓa yin irin waɗannan gwaje-gwaje a zahiri?

Rikiɗa irin ta fim ba ta taɓa faruwa ba, amma abin da ke ba finafinan nauyi ya faru, ya ma fi muni. Likitocin Nazi sun yi gwaji a kan fursunoni, abin da ya haifar da Ƙa'idojin Nuremberg a 1947, waɗanda sharaɗinsu na farko shi ne yardar wanda za a yi gwajin a kansa. Sashe na 731 na sojojin Japan ya yi irin wannan ta'asa a ƙasar Sin. A Tuskegee ta Amurka, daga 1932 zuwa 1972, hukumar lafiya ta gwamnati ta bi ɗaruruwan baƙaƙen fata masu ciwon tunjere ba tare da yi musu magani ba, har bayan da aka samu penisilin, don kawai a ga yadda cutar ke cin jiki. Maganin thalidomide da aka fara sayarwa a 1957, wanda mata masu juna biyu suka sha don laulayi, ya sa an haifi jarirai sama da 10,000 da nakasa kafin a janye shi a 1961.

Akwai kuma waɗanda da a fim ka gan su sai ka ce an yi ƙari. A 1954 Vladimir Demikhov na Tarayyar Sobiyet ya dasa kan ɗan kwikwiyo a wuyan babban kare, kawunan biyu suna motsi. A 1970 Robert White a Amurka ya ɗora kan biri a gangar jikin wani biri, ya rayu kwanaki kaɗan. Na baya-bayan nan shi ne He Jiankui, wanda a 2018 ya sanar cewa an haifi tagwaye a ƙasar Sin da ya gyara wa ƙwayoyin gado tun suna ɗan tayi. Kotu ta ɗaure shi shekara uku.

Abin da ke rikita lissafi shi ne wasu daga cikin abubuwan da suka ba mutane tsoro jiya, yau magani ne. Ayyukan Demikhov suna cikin abin da ya share fagen dashen gaɓoɓi. Christiaan Barnard ya yi dashen zuciya na farko a Cape Town a 1967, majinyacin ya yi kwana 18. Dashen fuska da Franju ya nuna a matsayin abin firgici a 1960, an yi shi da gaske a birnin Amiens na Faransa a 2005, ga matar da kare ya yi wa rauni.

10. Kimiyyar da ake nunawa tana iya yiwuwa?

Mafi yawanta a'a. Ƙwayoyin gado ba fenti ba ne da za a zuba ja a kan shuɗi a samu wani launi. Mutum yana da ƙunshin gado (chromosome a Turance) 46 a ƙwayar halittarsa, ƙudan gida yana da 12, kuma da za a cakuɗa su ƙwayar mutuwa za ta yi kawai. Jikin da ya ninka girmansa cikin minti biyu kuma, daga ina naman ya fito? Garkuwar jiki ma ba ta barin baƙon nama ya zauna lafiya, shi ya sa wanda aka yi wa dashe yake shan maganin danne ta har ƙarshen rayuwarsa.

Abin da ke yiwuwa shi ne ɗauko ƙwayar gado ɗaya ko kaɗan a saka wa wata halitta. Tun 1982 ake sayar da insulin irin na mutum wanda ƙwayoyin bakteriya ke samarwa. A 2022 likitoci a jihar Maryland suka dasa wa wani mutum zuciyar alade da aka gyara wa ƙwayoyin gado, ya rayu kimanin wata biyu. Fim yana ɗaukar irin wannan labari ne ya hura shi.

11. Me ya sa musabbabin rikiɗar ke sauyawa daga zamani zuwa zamani?

Kowane zamani da abin da ke hana shi barci. A shekarun 1930 lantarki ne da wuƙar tiyata. Bayan bam ɗin Hiroshima da Nagasaki a 1945 sai tururin nukiliya ya karɓe fage, finafinan shekarun 1950 suka cika da ƙwari da suka zama ƙatti da mutanen da suka ƙanƙance. A shekarun 1970 da 1980 hankali ya koma kan cuta mai yaɗuwa da asibitoci masu zaman kansu: a Rabid na 1977, dashen fata na gwaji ne bayan hatsarin babur ya mayar da wata mata mai yaɗa annoba. Japan ta kawo nata salon a ƙarshen shekarun 1980, inda nama da ƙarfe ke haɗewa. Da aka haifi tunkiya Dolly a Sikotilan a 1996 ta hanyar kwafar halitta, sai ƙwayoyin gado suka zama abin yayi. Yau kuma allurar gyaran jiki ce da neman dawwama a ƙuruciya (duba tambaya ta 13).

Dokar tacewa ma ta taka rawa. Daga 1934 zuwa 1968 masana'antar fim ta Amurka tana ƙarƙashin tsauraran ƙa'idoji, sai dai a nuna inuwa a bango. Da aka koma tsarin rarraba finafinai bisa shekarun mai kallo, kyamara ta samu damar matsowa kusa.

12. Yaya ake haɗa waɗannan abubuwa har su yi kama da gaske?

Tsohuwar hanya ita ce a ɗauki zubin fuskar ɗan wasa, a sassaƙa sabuwar siffar da yumɓu a kai, a zuba roba mai laushi ko silikon, a manna masa gutsure-gutsure. Yakan shafe sa'o'i a kujera kafin a fara ɗauka. Ana sa 'yan balan-balan a ƙarƙashin robar a riƙa hura su don fata ta kumbura tana motsi. Jini kuwa yawanci ruwan sukari ne mai kauri da aka rina, a zamanin fim marar launi ma ruwan cakulan ake zubawa. Dabarar da ta fi burge ni ta 1931 ce, a fim ɗin Jekyll da Hyde: an shafa wa ɗan wasan kwalliya mai launi, aka riƙa sauya gilashi mai launi a gaban kyamara, sai tabon ya bayyana a fuskarsa a hankali ba tare da an yanke hoton ba. Kwalliyar The Fly ta ci kyautar Oscar, wadda Chris Walas da Stephan Dupuis suka karɓa.

Rabin aikin kuma a kunne yake. Ƙarar karyewar ƙashi sau da yawa karas ne ko wani ganye mai ƙaras-ƙaras ake karyawa a gaban makirfo, fashewar kai kuma kabeji ko kankana. Gwada kashe sauti a wurin da ya fi tayar maka da hankali, za ka ga rabin ƙarfinsa ya tafi.

Masoya wannan fanni da yawa sun fi son roba a kan zanen kwamfuta, kuma suna da hujja. Roba tana da nauyi, tana jiƙewa, haske yana sauka a kanta kamar yadda yake sauka a kan fata, ɗan wasan da ke gefe kuma abu yake gani a gabansa. Finafinan yanzu masu kyau haɗa biyun suke yi, a gina abin da hannu, kwamfuta ta goge wayoyi da layin manni.

13. Me ya sa ake ta maganar mata a wannan fanni kwanan nan?

Saboda The Substance na 2024, wanda Coralie Fargeat 'yar Faransa ta rubuta ta kuma ba da umarni. Demi Moore ta fito a matsayin tauraruwar talabijin da aka sallama ranar da ta cika shekara 50, sai ta sayi wata allura ta ɓoye da ke fitar da sabuwar ita, matashiya, daga tsagin bayanta. Sharaɗi ɗaya ne: su riƙa karɓa-karɓa duk kwana bakwai. Matashiyar ta fara satar kwanaki, tsohuwar ta riƙa biya da jikinta. Fim ɗin ya ci kyautar rubutu a bikin finafinai na Cannes, ya kuma ci Oscar ta kwalliya.

A tsofaffin finafinai mace yawanci ita ce ake kwantarwa a kan tebur, namiji na riƙe da wuƙa. A nan babu masanin da ake gani ko kaɗan, murya ce a waya da akwatin da ake ɗauka a wani lungu. Ita ke yi wa kanta allurar. A ganina wurin da ya fi ciwo a fim ɗin babu jini ko ɗigo: tana shirin fita ganin wani, ta dawo gaban madubi ta gyara kwalliya, ta sake dawowa, ta sake, har ta goge fuskar da ƙarfi ta fasa fitar.

14. Na tsinci kaina ina dariya a wurin da ya fi muni. Lafiyata ƙalau?

Ƙalau. Dariya hanya ce da jiki ke sauke nauyi idan abu ya yi masa yawa, kuma daraktoci sun san haka. Re-Animator na 1985 da gangan aka yi shi ya wuce gona da iri har tsoro ya koma barkwanci. Minti ashirin na ƙarshen The Substance ma haka.

15. Ba sa sa mutane su tsani kimiyya, ko su ƙyamaci masu nakasa?

Zargi na farko yana da ɗan tushe. Sunan Frankenstein ya zama sandar da ake dukan kowane sabon bincike da ita, tun daga jaririn kwalba (wanda ake haɗa ƙwan uwa da maniyyin uba a ɗakin gwaji) har zuwa irin shuka da aka gyara. Amma kamar yadda aka faɗa a tambaya ta 8, abin da finafinan ke hukuntawa shi ne ɓoye-ɓoye, gaggawa, da gwaji a kan wanda bai yarda ba, waɗanda su ne ainihin abin da kwamitocin ɗa'ar bincike ke tsaye a kai.

Zargi na biyu ya fi nauyi, kuma ban ga amfanin kare fanni daga gare shi ba. Fim ya daɗe yana amfani da tabon fuska, ƙusumbi ko gaɓar da ta bambanta a matsayin alamar mugun hali, alhali akwai mutane na gaske masu irin wannan jiki da ke fita kasuwa su hau mota kowace rana. Ma'aunin da nake amfani da shi shi ne inda kyamara ta tsaya. Idan tana cikin idon mai rikiɗar, muna jin abin da yake ji, fim ɗin yana koya tausayi. Idan kuwa ta tsaya daga nesa tana nuna shi da yatsa, to kallon ƙasƙanci ne aka sayar mana.

16. Akwai wanda bai kamata ya kalla ba?

Yara, da farko. Yawancin waɗannan finafinai hukumomin tacewa na manya suka ware su, kuma ƙaramin yaro bai gama raba roba da nama ba. Sai wanda ganin jini ko allura ke sa shi jiri: wannan ba ragwantaka ba ce, jijiya ce ke sa bugun zuciya da ƙarfin jini su faɗi lokaci ɗaya har mutum ya suma. Idan ka ji gumi mai sanyi da duhu-duhu a ido, ka kwanta ka ɗaga ƙafafu. Wanda ke jiran tiyata, ko mai juna biyu, ko mai yawan zargin cuta a jikinsa, ko wanda ke fama da ƙin siffarsa, gara ya jinkirta. Kuma kada a kalla ana cin abinci.

17. Ban taɓa kallo ba. Da wanne zan fara?

Ya danganta da ma'auninka (tambaya ta 5). Idan cikinka ba shi da ƙarfi, fara da marasa launi: Frankenstein na 1931 kusan babu jini a cikinsa, fim ɗin Franju kuma wuri ɗaya ne kawai mai wuya, sauran duk farar fuskar roba ce da idanu biyu masu baƙin ciki. Daga nan sai The Fly, wanda minti 96 ne kacal, kuma kusan rabinsa na farko labarin soyayya ne. The Substance ka bar shi a ƙarshe, don ya haura sa'o'i biyu kuma ba ya sassautawa.

Ka kalla da wani a kusa, fitila a kunne idan ka so. Idan wuri ya yi tsanani, rage sauti ya fi rufe ido amfani, domin idan ka rufe ido kunne zai ci gaba da kawo maka ƙarar karas ɗin nan, ƙwaƙwalwarka kuma ta zana abin da ya fi na allon muni.